Garin da Sagir Ya Shata a Kan Gadon Jinya

Da ana mayar da rana baya, wata safiyar Laraba zan koma, in naɗe igiyata in tafi gida. Ban naɗe ba. Na ja ta a kan hanyar ruwa, na kafa turaku, na ce fuloti uku sun fita. Abin da ya biyo baya shi zan faɗa, kuma ba don a tausaya mini ba. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da firamare, sai a yi haƙuri da rubutun.

Sunana Ado, amma a ƙasar Kumbotso an fi sanina da Malam Ado mai igiya. Sana'ata yanka gona. Idan magada suka tashi sayar da gonar ubansu, ni ake kira in auna da igiya, in fitar da fulotai da layuka, ba taswira, ba ma'aikacin gwamnati. Shi ake ce wa awon igiya. A shekarun nan ma'aikatan kamfanonin Challawa da Sharada suna ta neman inda za su kafa ɗaki kusa da wurin aiki: mutanen Jigawa, mutanen Nijar, mutanen kudancin Kaduna, kowa da ɗan abin da ya tara. Mu kuma masu awo da fuloti ake biyanmu. Yawan abin da ka fitar, yawan rabonka. Shi ya sa hannunmu ya saba da matse layi. Hanyar da ya kamata mota ta bi, sai mu bar ta iya faɗin kurar ɗan garuwa.

Gonar da nake magana tana bayan kamfanonin fata. Wani ɗan kwari ya ratsa ta, ta nan ruwan sama yake bi, da ruwan da kamfanonin suke saki, yau ja gobe baƙi, har ya faɗa kogi. Na sa aka yi ta juye ɓaraguzai da shara har kwarin ya cike, na haƙa 'yar kwata a gefe, na ce ta isa.

Ranar awon ɗana Sagir ne ya riƙe mini bakin igiya. Shi ne na ukuna, a lokacin yana karatun safiyo, masu auna ƙasa da na'ura. Ya tsaya a kan cikon, ya ƙi motsi.

"Baba, nan fa hanyar ruwa ce."

"Na gani. Ja igiya."

"Idan damina ta yi ƙarfi nan zai dawo. Kuma duk rijiyar da aka haƙa a nan, abin da ke cikin kwatar can za ta sha."

Na ce, "Ina awo tun ba ka san biro ba. Ja igiya."

Ya ja. Fulotin tsakiya ba wanda ya taya, sai na gina shi muka tare, na haƙa rijiya a tsakar gida. Bayan shekara guda na cire Sagir daga makaranta, na ce zane-zanen takarda ba ya ciyar da gida, na samo masa aiki a kamfanin fata. Bai yi mini musu ba. Bai taɓa yi mini musu sau biyu a kan abu ɗaya ba.

Daminar farko ruwan rijiyar ya canza. Launinsa ya koma kamar shayi marar madara, yana tashin warin jiƙaƙƙiyar fata. Matata Hadiza ta yi magana, na ce ta jefa alif ya kwanta. Ba zan ce ban sani ba. Ina da fulotai da ban sayar ba a layin, kuma na san ranar da aka ji Malam Ado ya rufe rijiyarsa, ranar cinikin ya mutu. Ina ajiye jarka ɗaya ta ruwan 'yan garuwa a zaure. Mai sayen fuloti in ya zo, daga ita nake zuba masa, in ce, "Sha ka ji ruwan unguwarmu." Iyalina kuwa rijiya suke sha. Shekara huɗu muna haka.

Ciwon ya fara ne da takalmi. Wata safiya Sagir ya zauna a bakin ƙofa yana ta fama da takalmin robar nan mai dogon wuya na aiki, ya ƙi shiga. Fuskarsa ta yi suntum, idanun sun ƙanƙance. Uwarsa ta ce ko barci ne ya yi yawa. Da rana kumburin fuskar ya sauka, sai muka manta. A makon nan na kai shi kemis, mai kemis ya ce taifot ne, ya yi masa allurai kwana biyar da ƙarin ruwa leda biyu. Ƙafar ta ƙara hawa.

Mako na biyu yayata Tabawa ta zo daga Zawaciki. Ta buɗe masa ido ta duba, ta ce shawara ce ta shige ciki, kuma asibiti ba sa iya mata. Ta kawo sassaƙe da saiwoyi, aka jiƙa a tulu, kofi safe kofi yamma. Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Wannan ya ce basir, wancan ya ce jifa ne daga wurin aiki. Duk wanda ya kawo ƙulli sai mu ɗura masa. Ya fara amai. Fitsarinsa ya ragu, ɗan da yake yi kuma sai kumfa kamar an kaɗa sabulu. Jikinsa yana ƙaiƙayi har yana yi wa kansa rauni da farce. Haka muka cinye mako na uku.

A mako na huɗu Bitrus ya zo. Mutumin Filato ne, shi ne babba a sashen da Sagir yake aiki, ya girme shi da kusan shekara goma amma abota suke kamar sa'o'i. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya shiga ɗaki, ya danna ƙafar Sagir da yatsa. Ya ɗaga yatsan, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Baba, ku gafarce ni, wannan ba na tulu ba ne. Gobe mu tafi asibiti."

Na ce ana magani.

Ya ce, "Na ga maganin. In ba za ku je ba, ku ba ni izini in ɗauke shi a mashin."

Kunya ta sa na je. Muka isa babban asibiti gari bai gama wayewa ba, muka tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Sagir ba ya iya tsayuwa, ya kwanta a kan benci, kansa a cinyar uwarsa. Mai yankan kati ya tashi cin abinci ya bar mu sa'a guda. Ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka rubuta awon jini da na fitsari da hoton ciki, kowanne da layinsa da wurin biyansa, aka ce mu dawo jibi.

Likitar mace ce, ba ta kai Bitrus shekaru ba. Ta daɗe tana kallon takardun.

"Baba, ƙodojinsa biyu sun gaji. Me kuka ba shi?"

Na lissafa mata. Ta rufe ido.

"Wane aiki yake yi?"

"Kamfanin fata."

"Wane ruwa kuke sha a gida?"

Na ce, "Na famfo."

Sagir ya juyo ya dube ni. Hadiza ta sunkuyar da kai. Har yau in na tuna kallon nan sai abinci ya fita daga raina.

Kalmar da ta zauna mini a ka ita ce wankin ƙoda. Inji ne yake jan jinin mutum ya tace ya mayar masa. Ta ce sau biyu a mako ya kamata. Kuɗin wanki ɗaya ya fi albashin Sagir na wata. Na sayar da mashin ɗina, Hadiza ta sayar da keken ɗinkinta, muka riƙa yin sau ɗaya. Da abin ya ƙare na sayar da fulotin da ya rage mini a bakin kwata. Wani Malam Isa ne ya saya, direban babbar mota, mai ƙananan yara huɗu, nan da nan ya kafa ɗaki suka tare. Shi ma daga jarkar zaure na zuba masa. Ɗana yana kwance a ɗaki da ciwon ƙoda, ni ina zaure ina ce wa mutum ya sha ya ji. Abu ɗaya na canza: na ce a riƙa saya wa mara lafiya ruwan leda, wai don ƙarfin jiki.

In an yi wankin sai ya sami kwana uku yana magana, sannan kumburi ya dawo. Abin da ya fi ciwon cin sa shi ne kwanciya. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, yana kallon rufi daga safe har yamma. Ya daina tambayar kowa. Ya daina cin ɗan abincin da ba gishiri da aka yarda ya ci.

A mako na shida Bitrus ya shigo da kwali a ka, yana haki.

"Baba, na kawo wa ɗanku gari guda."

Kwamfuta ce tsohuwa, mai ƙaton kai kamar talabijin. Wani kamfani a Bompai ya rufe aka yi gwanjon kayan ofis, ya saya don 'ya'yansa. Ya kafa ta a kan tebur a gefen gado, ya sa faifai. Muka jira wuta har washegari.

Ni dai ga abin da na gani. Fili ne kore, ba kowa. Da ɗan abin nan da ake turawa da hannu, linzami, mutum zai shimfiɗa titi, ya tayar da tudu, ya haƙa tafki, ya yanka fulotai, ya dasa itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gina gidaje ya zuba mutane ƙanana a ciki. Mutanen suna ci, suna barci, suna wanka, mota tana zuwa ta kai su aiki, suna faɗa da maƙwabta da wani yare da ba na kowa ba. Na ce a raina, ƙato da gemu zai zauna wasan 'yartsana.

Amma a ranar Sagir ya ce a jingina shi da filo. Kwana biyu bayan haka ya cinye kwanon fate don uwarsa ta ce ba za ta kunna masa ba sai ya ci. Idan aka ɗauke wuta sai ya ɗauki biro da takarda yana zana abin da zai yi in ta dawo. Da yaran layi sun yi ihun an kawo wuta, za ka ji shi yana kira, "Inna, soket!"

Mutanen ba su dame shi ba kamar ƙasar. Yakan yi yini guda a kan titi ɗaya. Ya dasa itatuwa, ya ja baya ya duba, ya tuge su ya sake. Ya ce babu darbejiya a ciki, sai ya zaɓi wata mai duhun ganye ya ce ita ce. Babu masallaci, sai ya gina ɗaki mai faɗi ya shafa masa fari da kore. Bitrus in ya taso aiki nan yake yada zango.

"Kai, ina cocina? Ko ni ba ɗan gari ba ne?"

"Ga ta can bakin titi, har da wurin ajiye mashin. Amma ka rage ganga ranar Lahadi, mutanena suna hutawa."

"Lasifikarka ta asuba fa, wa ta bari ya huta?"

Sai dariya, har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin takalmi ya ƙi shiga.

A mako na takwas ya kira ni. "Baba, ku zo ku ga wani abu."

Na tsaya a kansa. Da farko ban gane ba. Sai na ga kwanar da ake shigowa, da tsamiyar bakin hanya, da dogayen gine-gine a gefe inda kamfanoni suke. Unguwarmu ce. Sai dai layukan suna da faɗi, kowane gida yana kallon titi. Tsakanin kamfanoni da gidaje ya bar fili ya cika shi da itatuwa sahu uku. Kwarin da na cike yana nan a buɗe, ruwa yana bi, da 'yar gada a kansa.

Na ce, "Ina gidanmu?"

"Babu gida a nan, Baba. Ruwa ne a nan." Ya matsar da linzamin. "Na fara yin unguwar yadda take a yanzu. Wasan ne ya ƙi. Ba ya yarda a ajiye gida sai in mota za ta iya tsayawa a ƙofarsa."

Cikin ladabi ya faɗa, ko ɗaga ido bai yi ba. Ni kuwa ji na yi kamar an tara unguwa an karanta laifina a lasifika. Na juya na fita.

Da yamma Yaya Tabawa ta zo dubiya. Ta leƙa ta ga ƙananan mutane suna yawo a gilashi, ta yi baya tana salati.

"Ado, da hankalinka? Yaro yana kwance ka bar shi da mutanen ɓoye a ɗaki? Su ne suke shanye masa jini, shi ya sa kullum sai an kai shi wanki!"

Na san ba haka ba ne. Wallahi na sani. Amma maganarta ta ba ni abin da nake nema. Na cire wayoyin, na mayar da komai kwali, na kai shagon wani tela a bakin titi na ce ya ajiye. Sagir yana kallona ina naɗe waya. Abin da ya ce kawai, "Baba, da kun bari na adana na yau."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana fuskantar bango. Abinci ya koma cokali biyu. Bitrus ya zo ya ga tebur wayam, ya dube ni, ya gaishe ni kamar kullum, bai tambaya ba. Hadiza ce ta tare ni a zaure, matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ba aljanu ka fitar daga ɗakin nan ba, ni da kai mun sani."

Na ce ta shiga gida.

Rana ta goma sha biyu, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan bai fi sa'a biyu ba. 'Yar kwatar da na haƙa ta cika ta tumbatsa, ruwan ya dawo inda yake bi tun asali, wato tsakar gidana. Baƙi ne, da kumfa da gashin fata a kai, warinsa yana hawa ka. Ya shafe bakin rijiya, ya shiga ɗakuna, ya kai rabin ƙafar gado. A daidai lokacin numfashin Sagir ya sarƙe. Yana jan iska kamar wanda aka danne wa ƙirji, leɓensa ya yi fari.

Wani maƙwabci ya ruga titi ya samo tasi. Tasi ta zo bakin layi ta tsaya. Direban ya leƙo ya ce, "Ko ba ruwa motata ba za ta shiga nan ba. Wane marar imanin ne ya yanka layin nan?"

Ina tsaye a gabansa, ruwa har gwiwa.

A kurar ɗan garuwa muka fito da ɗana. Aka sauke jarkoki, aka shimfiɗa tabarma, muka ɗora shi, ƙafafunsa suna reto. Ni da Malam Isa muke turawa, gefen kurar yana gogar bangon mutane dama da hagu. A kwana ta biyu ta maƙale sai da aka ɗaga ta sama. Ni na kafa turken kwanar nan da hannuna, na san taku nawa na ci a wurin.

A asibiti aka ce inji ɗaya ya lalace, sauran akwai mutane a kai. Wani ma'aikaci ya ce mu kawo rasit kafin a taɓa shi, alhali wurin biya ya rufe. Amma akwai wata nas, dattijuwa, ban san sunanta ba, Allah ya saka mata da alheri. Ita ta sa masa abin numfashi, ta je ta roƙi wani mara lafiya da ya ɗan fi ƙarfi ya ba mu layinsa, ta ce rasit ya biyo baya. Mutumin ya yarda. Shi ma ban san sunansa ba.

Washegari na sami likitar a baranda. Na ce, "Likita, na yi miki ƙarya. Rijiya muke sha." Na gaya mata komai, har jarkar zaure.

Ta tsaya ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ba zan rantse rijiyar ce kaɗai ba. Ga aikin da yake yi, ga allurai, ga jiƙe-jiƙe. Amma ku rufe ta yau, kuma ku kawo sauran mutanen gidan a auna su." Ta juya za ta tafi, ta dawo. "Baba, ku yi masa abin da yake so. Kun gane?"

Na gane.

Da aka sallame mu bayan kwana tara ba mu koma gidan ba, ɗakunan sun jiƙe. Yaya Tabawa ta ba mu ɗaki a gidanta a Zawaciki. Ni na je shagon tela, na ɗauko kwalin a kaina. Da ta gan ni da shi ta buɗe baki, na ce, "Yaya, ni na san abin da ya sha jininsa, ba wannan ba ne." Daga baya ma ita take aika a sayo fetur a zuba a ɗan janareton maƙwabcinta in wuta ta daɗe ba ta zo ba.

Sai dai hannun Sagir ya riga ya mutu. Yatsun sun kumbura, linzamin yana suɓucewa. Ya gwada sau uku ya bari.

"Baba, ku riƙe mini."

Na zauna a bakin gado, ni da ban taɓa taɓa irin abin nan ba. Kibiyar tana gudu ta bar ni. Ya riƙa gaya mini, hagu, sama kaɗan, ku danna. Aikin da bai adana ba ranar da na cire waya, shi muka sake: titin da ya taso daga gada zuwa makaranta. Na ja shi, ya duba.

"Ku ƙara buɗa shi."

Na ƙara.

"Baba, hannunku ya saba. Ku buɗa, ba wanda zai rage muku lada."

Na yi dariya, hawaye yana zuba a gemuna. Shi ma ya yi murmushi. Wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa gaya mini mai kama da gori, kuma da wasa ya faɗe ta.

Mako biyu muna aikin nan, kullum kamar rabin sa'a, iya abin da ƙarfinsa ya ɗauka. Na dasa itatuwa a bakin kwari har na ƙware. Ya koya mini kada in jera su kamar sojoji, in bar wuri inda mutum zai shimfiɗa tabarma. Ya sa na haƙa rijiyoyi a can saman tudu, nesa da kamfanoni. Wata rana ya ce in matsa kusa da wani gida mai shuɗiyar ƙofa a kan tudun. Wani tsoho da farar riga yana zaune a ƙarƙashin itace, wata mata tana girki.

"Ku ne da Inna."

Na ce, "Kai fa?"

"Ga ni can a baya." Wani saurayi ne riƙe da butar ban ruwa, yana bin shuke-shuke.

Na ce, "Sagir, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun tuni, Baba. Ku danna wancan, ku adana, kada a ɗauke wuta."

Wankin ƙarshe bai karɓe shi ba. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a mako na goma sha huɗu, kansa a cinyar uwarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Bitrus ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga gefe yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Bayan sadakar bakwai na cike rijiyar da ƙasa. Aka auna Hadiza da sauran yara, aka ce ita ma tata ƙodar sai an riƙa lura, har yanzu tana zuwa asibiti. Na je na sami Malam Isa na gaya masa abin da ya sha a zaurena da abin da yake ƙarƙashin gidansa. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya shiga gida. Mutumin da ya tura kura da ni cikin ruwa, tun ranar bai sake amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na rushe gidana don ruwa ya sami hanya. Amma masu fulotin gaba da na baya sun ce ba inda za su, da kuɗinsu suka saya, kuma gaskiyarsu ce. Don haka ruwan yana zuwa ya taru a kangona ya kwana. Abin da na ɓata da igiya a safiya ɗaya, na kasa gyara shi da gatari da shebur.

Kamfanin su Bitrus ya rage ma'aikata, ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Kafin ya tafi ya kai kwamfutar wani shago aka buga mini hoton garin a takarda. Tana cikin aljihuna a leda. Na roƙe shi kada ya bari yara su goge. Kwanaki ya kira ni a waya, ya ce yakan buɗe lokaci-lokaci, garin yana nan, saurayin nan yana ta ban ruwa.

Har yanzu akan zo a kira ni awo. Nakan fito da takardar in shimfiɗa, in ce ga yadda zan yanka, in ba haka ba a nemi wani. Yawanci wani suke nema.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, musamman 'yan'uwana masu igiya da masu sayen fuloti: kada ku yi abin da na yi. Idan ƙafa ta kumbura ku tafi asibiti a makon farko, kuma abin da likita ta tambaya ku gaya mata gaskiya. Ruwan da ba za ka ba baƙo ba, kada ka ba ɗanka. In kuma kun tashi yanka gona, ku fara fitar wa ruwa hanyarsa, ku fitar da layin da mota za ta shiga har ƙofar gida ta ɗauki mara lafiya, sannan ku raba abin da ya rage. Ni sai da na tura ɗana a kurar ɗan garuwa na san faɗin da layi yake bukata.